Tambaya da Amsa: Mu Haƙa Tushe da Bangaskiya ko Mu Jira Kuɗi?

TAMBAYA: Ni dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiya a Kudancin Kaduna. Majami'armu ta yi mana kaɗan, ranar Lahadi mata da yara a gindin bishiya suke sujada. Fastonmu ya ce Ubangiji ya nuna masa lokacin gini ya yi, mu haƙa tushe wata mai zuwa, kuɗi za su biyo baya. Ma'aji kuwa ya ce abin da ke asusu ko rubu'in aikin bai kai ba. Majalisar dattawa ta rabu biyu, har an fara kiran masu son a yi lissafi marasa bangaskiya. Ina gaskiyar take?

AMSA: Baba, sannu da ɗawainiya. Kafin komai, a janye kalmar nan ta rashin bangaskiya, domin wanda ya ce a zauna a yi lissafi kafin a fara gini Yesu ne da kansa, a Luka 14:28-30. Har ya faɗi abin da ke biyo baya in ba a yi ba: a sa tushe, a kasa gamawa, masu wucewa su yi ta ba'a. Ma'ajinku bai fita daga Littafi ba. Fasto ma mai yiwuwa bai yi kuskure ba a kan cewa gini ya wajaba. Inda aka sami tangarɗa shi ne an haɗa tambaya biyu wuri ɗaya: ko Allah yana so a yi ginin, da kuma ko wata mai zuwa ne za a fara, da wane kuɗi. Ta farko da addu'a da shawarar jama'a ake amsa ta. Ta biyu sai da alƙalami da takarda.

Ku duba Nehemiya. Ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle, bai buɗe baki gaban sarki Artashate ba sai watan Nisan, wajen wata huɗu ke nan yana azumi da addu'a. Amma da sarki ya tambaye shi, amsa tana bakinsa: ya faɗi tsawon lokacin da zai yi, ya nemi wasiƙu zuwa ga masu mulkin hanya, da wata zuwa ga Asaf mai kula da kurmin sarki don katako. Da ya isa, sai da ya kwana uku, ya zaga garun da dare ya ga ɓarnar da idonsa, sannan ya ce wa jama'a su tashi. Aikin ya ƙare cikin kwana 52. Mutumin da yake addu'a yana kuma ƙirga katako ne ya yi wannan saurin.

To ga abin da za ku yi. Takardun fili tukuna: su kasance da sunan ikilisiya, ba na fasto ko na wanda ya ba da kyautar filin ba, don magada ba su san alkawarin baka ba. Sai injiniya ya zana ginin, ya rubuta kayan da zai ci. A ce ɗakin mita 12 ne a faɗi, 24 a tsawo, bango mita 4. Kewayensa mita 72, in an cire ƙofofi da tagogi bangon zai kai wajen murabba'in mita 250. Kowane murabba'in mita yana cin bulo kusan 10, wato bulo 2,500 ke nan, ban da na tushe. In za ku buga da kanku, buhun siminti ɗaya kada ya wuce bulo 30 zuwa 35 mai inci tara, ku ga buhu 72 zuwa 84 sun tafi a bugu kaɗai. A nan ne ake yawan cutar kai: kuɗi su gaza, a ce mai bugu ya fitar da 50 a buhu, a kira wannan tattali. Irin bulon nan da yatsa ake murje shi. Faɗin mita 12 ba ginshiƙi a tsakiya kuma ba aikin kafintan unguwa ba ne shi kaɗai, injiniya ne zai faɗi irin ƙarfe ko katakon da zai ɗauki rufin.

Ku raba aikin mataki-mataki, kowane mataki ya zama wanda zai iya tsayawa damina ta wuce a kansa bai lalace ba. Tushe da daɓe suna iya jira shekara. Bango da aka kai linta aka bari ba rufi ba ya jira: ruwa ya shige shi, rodin da ya leƙo ya yi tsatsa, iska ta tura shi. Don haka kada a ɗaga bango sai kuɗin rufi sun kusa haɗuwa. Kankare yana son ban ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28, gaggawar bikin keɓewa ba ta rage wannan. Siminti kuma kada a tara shi watanni, danshi yana daskarar da shi; in dole ne a ajiye, a ɗora a kan katako nesa da bango.

Batun kuɗi: alkawarin da aka yi ranar gidauniya ba kuɗi ba ne sai ya shiga asusu. Ma'aji ya kawo littafin baiko da zakka na wata 12 da suka wuce, a ga abin da ke raguwa bayan albashin fasto da sauran hidima, a kan wannan za a tsara. A ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari don tashin farashi. Asusun gini ya zama daban, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Wannan ba zargi ba ne. A zamanin sarki Yowash akwatin baiko mai huda a murfi aka ajiye, magatakardan sarki da babban firist tare suke ƙirgawa.

Bangaskiyar fa? Tana nan, ai a mataki na farko ba ku san yadda na uku zai samu ba. Sai dai shugaban da ya ce a yi kasada ya tambayi kansa wa zai biya in abin bai yiwu ba. In gwauruwar da ta sayar da akuyarta ce, da birkilan da za a riƙe wa lada, to a sake zama.

TAMBAYA: Ni mai bishara ne a ƙauye, ina noma kuma. Wani ya ce mini shirya wa'azi a takarda yana hana Ruhu Mai Tsarki aiki, in dai hau bagade kawai za a ba ni abin faɗa. Haka ne?

AMSA: Ɗan'uwa, ayar da ake jingina da ita Matiyu 10:19-20 ce, ita kuwa a kan almajiran da aka kama aka kai gaban mahukunta take magana, mutanen da ba su da damar shiri. Kai kana da kwana shida. Bulus ya ce wa Timoti ya lazimci karatu da koyarwa, an kuma shaidi Ezra da cewa ya sa zuciyarsa ga nazarin Shari'a kafin ya koyar da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko da aikin gona, minti 30 a rana ya isa. Litinin ka zaɓi nassi, ka karanta surar gaba ɗayanta. Talata da Laraba ka sake karantawa, in kana da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 da sabuwa ka gwama su, inda suka bambanta galibi nan ne kalma mai nauyi take. Alhamis ka rubuta saƙon cikin jimla ɗaya. In ya ƙi shiga jimla ɗaya, kai ma bai zauna maka ba tukuna. Juma'a ka nemo misali daga gona ko kasuwa. Asabar addu'a, kana ambaton mutanenka da sunayensu. Alamar wa'azin da ba a shirya ba sananniya ce: kowane nassi aka buɗe, a kan maudu'i guda ake ƙarewa.

TAMBAYA: Matasanmu suna so a sa masu gadi da binciken jaka a ƙofa lokacin sujada. Wasu iyaye sun ce Allah ne mai tsaro. Ni shugabar Zumuntar Mata ce, me zan ce musu?

AMSA: Mama, ɓangarorin biyu kowa yana da madogara. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojoji, ya yi azumi a bakin kogin Ahawa, suka isa Urushalima lafiya. Nehemiya a hanyar Urushalima ɗin nan ya tafi da sojoji da mahayan dawakai, daga baya ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Littafi bai tsauta wa ko ɗayansu ba. Ezra ɗin ma sai da ya auna azurfa da zinariya ya damƙa wa firistoci, aka sake aunawa da suka isa.

A ganinmu a sa gadin, tunda rayukan yara ne a hannunku. A yi shi bi da bi don kada wasu matasa su rasa sujada kowane mako, mata su binciki mata, a ajiye motoci da babura nesa da bango, ofishin 'yan sanda mafi kusa ya san lokutan taronku. Ƙofofi kuma su riƙa buɗewa waje, kada a sa musu kwaɗo mutane suna ciki.