Tambaya da Amsa: In suna da labari, me ya hana su ɗaukar mataki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Dan Allah abun nan ya daɗe yana ɗaure min kai, duk sanda aka kai hari a Amurka sai kaji daga baya ance ai hukumomin leƙen asiri suna da labari tun kafin abun ya faru. Toh in suna da labari me ya hana su motsawa? Sakaci ne ko dai da gangan ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya yawanci matsalar daga yawan takardu take. Amurka tana da hukumomin leƙen asiri har 18, kullum rahotanni shigowa suke kamar ruwan Agusta, wani daga ofishin jakadanci, wani daga wayar da aka saurara a ɓoye kuma sai an nemo mai fassara, wani daga ɗan rahoto, toh labarin yana nan a cikin tulin amma wanda ya kamata ya gani shi ne bai gani ba.

Bari in baka misalin da ya taɓa mu. A watan Nuwamba na 2009 Alhaji Umaru Mutallab ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙafarsa, ya ce ɗansa Umar Faruk ya shiga tsattsauran ra'ayi kuma yana jin yana Yaman. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, uba ya kai ƙarar ɗan cikinsa, ba ƙaramin abu bane. Ofishin ya aika rahoto Washington, aka sa sunan yaron a wani rumbun sunaye mai mutum wajen 550,000, amma ba a sa shi cikin jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba. Kuma wajen binciken sunan an yi kuskuren rubutu, sai ba a gane da wuri cewa yana da biza ba. Can gefe guda kuma wata hukumar ta riga ta ji 'yan Alƙa'ida a Yaman suna maganar wani ɗan Najeriya, amma babu wanda ya ajiye takardun nan biyu kan tebur ɗaya ya kalle su. Ranar 25 ga Disamba Umar Faruk ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit da bam a jikinsa, Allah Ya kiyaye bam ɗin bai tashi yadda aka so ba. Shi kansa Obama ya amsa cewa bayanan suna hannunsu, haɗa su ne aka kasa.

Kafin nan ma haka akayi a harin 11 ga Satumba 2001. Tun farkon 2000 CIA ta san da Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi, biyu daga cikin maharan, amma sai a watan Agusta 2001 aka sa sunansu a jerin waɗanda ake sa wa ido, lokacin sun daɗe da shiga ƙasar. Dokar aikin a da ita ce ba a nuna maka takarda sai in aikinka ya buƙaci ka sani, kowa ya rungume nasa.

Bayan rahoton kwamitin bincike na 2004 sai aka ce a buɗe, a riƙa raba bayanai tsakanin hukumomi. Nan kuma wata sabuwa ta ɓullo. Ma'aikatar harkokin waje ta zuba wasiƙun jakadunta a kan SIPRNet, wato intanet ɗin sirri ta sojoji, mutane rututu suna iya shiga. A 2010 Chelsea Manning, wadda lokacin ake kira Bradley Manning, tana ƙaramar soja a Iraƙi, ta kwafi wasiƙu sama da 250,000 ta miƙa wa WikiLeaks, shafin intanet mai fallasa takardun sirri, har da na Abuja da Legas wanda jaridunmu suka yi ta bugawa. Nan take ma'aikatar ta cire wasiƙunta daga layin, sojoji kuma aka hana su jona filasha da faifai a waɗannan kwamfutoci.

Ni dai a ganina ba da gangan bane, binciken da akayi kan harin 11 ga Satumba da na jirgin Detroit gazawa ya nuna, sai dai gazawa ce da bai kamata a yafe ta da sauƙi ba tunda rayukan mutane ne. Akwai ɗabi'ar buga hatimin sirri a kan kowace takarda ko da babu komai a ciki, sai muhimmiyar ta nutse cikin tarkace, sannan saboda aikin ya yi yawa dole a ba mutane da yawa izinin gani, sama da mutum miliyan 1 ne ke da izinin ganin sirri mafi girma a Amurka. Kuma har yanzu basu samo bakin zaren ba, a 2023 Jack Teixeira, yaro ɗan shekara 21 mai kula da kwamfutoci a wani sansanin sojan sama a Massachusetts, ya riƙa ɗora takardun sirri na yaƙin Yukiren a manhajar hira ta Discord yana nuna wa abokansa, aka yi watanni kafin a farga. A 2024 kotu ta ɗaure shi shekara 15.