Dis ɗin da ke ƙara kat-kat, zare shi kawai

Kai yaro, tambayar da ka yi min jiya ina tsaka da aiki, wai laftof ta mutu mai ita yana son fayilolinsa ta ina za ka fara. To cire had dis ɗin, wato ma'ajiyar fayilolin da ke cikin laftof, dai ba sai na koya maka ba, wanda ya shekara biyu a gabana bai iya kwance sukurori ya jona dis a adaftar SATA zuwa USB ba ai gara ya nemi wata sana'ar.

Kafin komai kasa kunne. In ka jona ka ji yana kat-kat-kat, zare shi nan take. Faifan ciki sau 5400 yake juyawa a minti ɗaya a yawancin na laftof, allurar da ke karatu kuma shawagi take a samansa ba ta taɓa shi, in ta lanƙwashe to duk daƙiƙar da ka bar shi a kunne karce bayanan mutum take yi, abin da ta karce kuma ya tafi ke nan.

Ni a jikina na koyi wannan. Wani mutum ya kawo min tasa, lissafin kasuwancinsa na shekara shida a ciki, na ce ta faɗi ne? Ya rantse min ko ƙasa ba ta taɓa taɓawa ba, wai da safe kawai ta ƙi tashi. Na yarda. Na jona dis, Windows ta gan shi amma tana jan ƙafa, folda ɗaya sai ta yi minti biyu kafin ta buɗe, ni kuma lokacin ina ji da kaina sai na sakar masa chkdsk, manhajar Windows mai duba dis ta gyara kurakuransa, na kulle shago na tafi gida. Da safe na tarar yana kat-kat, ko BIOS, manhajar da ke fara tashi in an kunna kwamfuta, ba ta ganinsa. Sai a lokacin na juya laftof ɗin na ga tsaga a kusurwa an liƙe ta da gam tsaf. Ashe ɗansa ne ya ja wayar caji ta faɗo daga kan tebur, ya sani sarai, ya ɓoye don kar in tsauwala masa kuɗin aiki. Mutumin nan ya tara min jama'a wai lafiya lau ya kawo na kashe masa, sai da na saya masa wata laftof daga aljihuna, kuɗin da na yi wata da watanni ina tarawa don kayan aiki. Har yau in na tuna fuskarsa yana rantsuwar nan raina sai ya ɓaci wallahi.

Tun daga ranar ba na taɓa dis mai ciwo sai na kwafe shi dungurungum zuwa wani lafiyayye wanda bai gaza shi girma ba. Ka tashi kwamfuta da Linux maimakon Windows ka yi da manhajar kwafe dis mai suna ddrescue, shi wuri mai kyau yake fara kwashewa ya tsallake ruɓaɓɓen sai daga baya ya dawo kansa, kuma yana rubuta inda ya tsaya ko wuta ta ɗauke. A kan kwafin za ka yi duk wasanka, manhajar TestDisk in fatishin, wato rabon da aka yi wa dis, ya ɓace, manhajar PhotoRec in abin ya fi haka, sai dai shi ba ya dawo da sunayen fayil. Windows in ta ce ka yi fomat, wato ka share dis ɗin ya koma kamar sabo, ka ce a'a. Abin da ka ceto kuma kar ka kuskura ka zuba shi kan dis ɗin da ka ciro shi. In da BitLocker a kai, wato makullin da Windows ke kulle bayanan dis da shi, in ba lambobin nan 48 na buɗe shi ba aiki, mai ita ya duba akawun ɗinsa na Microsoft.

Ku yaran yanzu ba haƙuri, ku kalli bidiyon minti uku a YouTube ku ce a sa dis a firiji, ko ku buɗe murfin faifai a cikin ƙurar shago. In na kama ka da wannan ni da kai ne.

Yanzu je ka ɗauko laftof ɗin, ka duba kusurwoyinta huɗu a gaban mai ita, in akwai tsaga ya rubuta da hannunsa cewa haka ya kawo ta.