Amsa ga Kawu Kan Rawar Bale da Yaranmu Suka Kalla a Jos

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso, inda kake tambayar yadda aka yi mu Hausawan Jos muke kai yara kallon rawar bale, alhali a Katsina ko zancenta ba za a tayar ba.

Wannan rawa ba irin ta biki ba ce. A fadojin Italiya ta samo asali, ta bunƙasa a Faransa bayan Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, kuma da motsin jiki ake ba da labarin, ba mai buɗe baki. Wadda muka kalla 'yan firamare ne suka yi ta kyauta, a kan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Yaron da ya fito a Gizo ya shigo da sanɗa a duƙe yana waige-waige, ya cika kumatu da abincin da ya sata, kuma kafin Ƙoƙi ta juyo ya kwanta ya yi likimo, abin da ya sa zauren ya kaure da dariya.

Babban dalilinmu shi ne zaman garin. Haƙar kuza ce ta kawo kakanninmu a farkon ƙarnin da ya wuce, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere, amma tun rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010 unguwanni suka rabu, har ta kai yaron Gangare ko Unguwar Rogo yana iya girma bai yi abokin da ba Musulmi ba. A irin wannan taro ne yake zama a benci ɗaya da su, kuma tun da ba a karɓar kuɗin ƙofa, ɗan mai shayi ma yana samun wuri.

Ba sakaka muke barin abin ba. Iyaye mata ne ke raka yaran, a dawo gida kafin magariba, kuma yarinyar da za ta shiga rawar sai da dogon wando da ɗankwali. Akwai gidajen da duk da haka ba su yarda ba, wasu malamanmu ma suna suka, kuma ba ma ganin laifinsu. Ni dai ga yarinyar da ba ta balaga ba, ban ga inda ya bambanta da gaɗar da 'yan mata ke yi a dandali ba.