Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ba kyauta ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa kake ɗaukar 'yan wasa kyauta a Football Manager, wasan kwamfuta na jagorantar kulob ɗin ƙwallo, amma asusun kulob yana ta ramewa. Ai kyautar a baki take. Tunda babu kuɗin saye, wakilin ɗan wasan zai fanshe a albashi da kuɗin sa hannu, ga nasa kason. Albashin nan shi ke cinye kulob, don kowane mako ake biya. Ni nakan rage shi, in ƙara ladan cin ƙwallo da na buga wasa. Wanda ya haura shekara 30, kada ka ba shi fiye da shekara biyu. Ka fara zawarci tun saura wata shida kwantiraginsa ya ƙare, kafin manyan kulob su farga. Musayar ɗan wasa da wani kulob kuwa, duba albashin wanda zai zo maka tukuna.