Tambayoyinku: Daji a cikin akwati da zanen bangon aji

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Bauchi, ina riƙe da 'yan aji biyar. Hedimasta ya ce kafin ranar rabon kyaututtuka mu haɗa ɗan ƙaramin daji a cikin akwati harda namun daji a ciki, sannan mu zana irinsa a bangon ajin ta waje. Kuɗin da aka bamu basu taka kara sun karya ba, kuma hotunan da nake samu a intanet duk na dabbobin ƙasashen ƙanƙara ne. Dan Allah ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Toh ai ke da kike Bauchi kin fi kowa sa'a, ga Yankari nan a ƙofar gidanki, ki ajiye dabbobin ƙanƙaran nan ki yi ma yara dajinsu. Tun 1956 aka keɓe shi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kogin Gaji ya ratsa ta cikinsa, ga kuma ruwan Wikki mai ɗumi wajen digiri 31 rani da damina, garai-garai har ƙasansa ana gani. Ki zaɓi lokaci ɗaya tak, ni dai da rani zan ɗauka, saboda lokacin ne ciyawa ke bushewa dabbobi su taru a bakin Gaji shan ruwa, kinga kin samu dalilin tara giwa da ɓauna da gwanki da mugun dawa waje guda ba tare da an ce kin cusa su ba, dorina da kada kuma suna cikin ruwa, gwaggon biri yana gefe yana neman abin sata kamar yadda ya saba yi ma baƙi a sansanin Wikki. Amma kar ki sa raƙumin dawa dan kawai yana da kyau, ba ɗan Yankari bane yanzu, nasa wurin su Kure ne can kusa da Yamai.

Akwatin kuma, in da hali ki sa kafinta ya buga miki na filawud mai faɗin mita ɗaya, gaba a buɗe. Kwali ma yana yi amma gara da laima basa raga masa. Ƙasan ki shimfiɗa yumɓu da yashi, ki ɗan tona hanyar kogi ki shafa shuɗin fenti ki ɗora farar leda a kai, busasshiyar ciyawa kuwa yaran ne za su tsinto, bishiyu a murɗa waya a naɗe da tsohuwar jarida da aka jiƙa da ruwan sitaci, giginya a bakin ruwa, kuka da ɗorawa da kaɗanya can baya. Sitacin nan fa ɓera da kyankyaso suna sonsa wallahi, sai ya bushe ƙarau kin bi shi da fenti ko banish.

Inda aka fi kwafsawa shine girma. Na taɓa ganin wani da aka yi a wata makaranta, biri ya kusa kai giwa tsawo, yara suna ta dariya. Babbar giwa tsayinta a kafaɗa wajen mita 3 ne, gwanki bai kai ɗaya da rabi ba, dan haka in giwarki santimita 15 ce, gwanki 7 zai zama, mugun dawa 3 ko 4. Ki yanka tsinke daidai awon kowace dabba ki ba kowane rukuni nasu, lissafi ma sun koya kenan basu sani ba.

Kafin a taɓa yumɓun dai ki zauna da hedimasta da iyayen yara, dan akwai waɗanda basa son a ƙera siffar abu mai rai saboda addini. In an samu haka sai a yanka hotunan takarda a tsaya dasu da tsinke, ko a nuna sawun ƙafa a bakin ruwa, yara su riƙa cankar na wace dabba ne, wannan ma yafi daɗi a wurina.

Bango shi aikinsa da sauƙi in an bi a hankali. In sabon filasta ne a bar shi wata guda ya sha iska, in tsoho ne a kankare a wanke a shafa farin fenti tukun. Ki fara zanawa a takarda, ki raba ta gida-gida, ki ja irin gidajen da alli a bango amma manya, kowane yaro ya kwafi gidansa. A fara da sama da nesa, dabbobi sune na ƙarshe. Fari, baƙi, ja, shuɗi da ruwan ɗorawa sun ishe ki, sauran kala haɗawa ake yi. Fentin ruwa na waje zaki saya, fentin mai kuwa warinsa yana hawa kan yara kuma sai da kananzir yake fita a yunifom. Ki rubuta sunan kowace dabba da Hausa a ƙarƙashinta, gefen kuma a zagaye da dagi irin na gidajen Zariya, kuma a gama kafin ruwan farko ya sauka.