Lambun Bayan Gida a Bazara: Abin da Za a Saya Yanzu da Wanda Za a Jira Sai Ruwa Ya Sauka

Da sanyi ya ja baya a ƙarshen Fabrairu, tambayoyin masu son raya bayan gidansu sukan yi yawa. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Ina da ɗan fili a bayan ɗakina. An kawo mini irin tumatir na gwangwani mai tsada, wai na waje ne. In saya in shuka yanzu a Maris? (Wata uwargida daga Kano)

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Ko irin na da kyau, lokacinsa bai yi ba. Tumatirin da aka shuka a Maris zai yi fure ne a Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Kano ke kai wa digiri 40. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furen kakkaɓewa yake yi bai ƙulla ɗa ba. Sai ki ga ganye kore shar, ki yi ta ban ruwa, ki tashi a tutar babu. Shi ya sa masu lambun fadama ke dashen tumatir bayan damina, ya yi fure cikin sanyi.

Abin da ke jure bazara shi ne alayyahu, kuɓewa, rama, yakuwa da lalo. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, don haka ki cakuɗa shi da yashi kafin ki yafa a komi, kada ya fito a cunkushe. Cikin mako huɗu zuwa biyar kin fara tsinka. Kuɓewa kuwa ki jiƙa ta kwana ɗaya, ki sa ƙwaya biyu a rami mai zurfin gaɓar yatsa, tazarar santimita 40, ki sa ran 'ya'ya bayan kamar wata biyu.

Wajen sayen iri, duba ranar da aka rubuta a jikin fakitin, ki guji wanda aka rataye a rana a ƙofar shago. Kafin ki shuka, naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a inuwa. In bayan mako guda bakwai ba su tsiro ba, irin ya tsufa. Wanda aka rubuta wa F1, wato irin da aka samu daga haɗin iri biyu daban, yana bada yabanya, amma ba a ajiye 'ya'yansa don shukar baɗi, domin ba za su fito kamar uwar ba.

Tambaya: Gidan haya nake, tsakar gidan duk siminti ne. Zan yi shuka a buhu. Takin zamani zan saya ko kashin kaji? (Wani malamin makaranta daga Zariya)

Amsa: Malam, fara da kashin kajin, kuma yanzu ne lokacin sayensa, tun kafin manoma su yi masa rububi gab da damina. Sai dai kada ka zuba shi ɗanye. Ɗanyen kashin kaji na ƙone saiwa, kuma in akwai dusar katako a ciki da ba ta ruɓe ba, gara za ta biyo ta. Tara shi a inuwa, ka haɗa da busasshen ganye, ka yayyafa ruwa har ya yi danshi ba tare da ya yi caɓi ba, ka rufe da tsohon buhu. Duk mako biyu ka juya shi. Bayan mako shida zuwa takwas, in ka cusa hannu ka ji ba zafi, warin mai hawa kai ya tafi, ya yi baƙi yana marmashewa, to ya nuna.

Haɗin buhu: kwano biyu na ƙasa, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa. Ka huda gindin buhun wuri shida zuwa takwas, ka ɗora shi a kan bulo ko katako. Wannan ɗorawar ba ado ba ce: simintin bazara na ɗaukar zafin da zai dafa saiwa, kuma ruwan da ya tsaya a ƙasan buhu na ruɓar da ita. Kuɓewa biyu sun ishi buhu ɗaya.

Takin zamani ƙari ne kawai, kuma mudu ɗaya na NPK 15-15-15 zai kai ka nesa, ba sai ka sayi buhu ba. Cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowace shuka, mako biyu zuwa uku bayan tsiro, a binne shi nesa da kara kamar faɗin yatsu huɗu, a yi ban ruwa nan take. Yawancin waɗanda ke kukan taki ya kashe musu shuka, watsa shi suka yi a gindinta da tsakar rana.

Ban ruwa da sassafe da yamma, ka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ka kafa 'yar rumfar zana da za ta tare ranar azahar. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk suna yi, amma ban da ruwan wanki mai omo ko bilic.

Tambaya: Ina so in fara kiwon kaji goma a gida. Na nama zan saya ko na ƙwai? (Wata ɗaliba daga Gusau)

Amsa: 'Yar'uwa, a watannin nan kajin nama na gidan gona su ne mafi haɗari ga sabon shiga. Kaza ba ta gumi, haki take yi, kuma mai nauyin jiki ita zafi ke fara kayarwa. Noiler, wato kajin da ake kiwo don nama da ƙwai duka, ko kajin Hausa sun fi juriya. Ki nemi waɗanda suka kai mako huɗu zuwa biyar, kuma ki tambayi mai sayarwa ko an yi musu rigakafin cutar gumboro da kuma lasota, wato rigakafin cutar Newcastle. In ya kasa faɗin ranakun, ki nemi wani.

Ki yi lissafin abinci kafin ki biya. Kazar ƙwai na cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, wato buhu mai kilo 25 mako uku zai yi wa kaji goma, kuma ba ta fara ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20. Keji ya riga kaji zuwa gida: murabba'in mita uku ga goma, ragar waya a gefe biyu don iska ta ratsa, a shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwanon rufi. Ruwan sha a inuwa, a sauya shi da azahar, abinci kuma da safe da yamma.

Tambaya: Masu sayar da dashe sun fara fitowa. In sayi mangwaro yanzu? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Alhaji, haƙa ramin yanzu, sayen ya jira sai ruwa ya zauna. Ramin ya zama santimita 60 faɗi da zurfi, a cika shi da ƙasar sama haɗe da ruɓaɓɓen taki, a bar shi ya kwanta. Ya yi nesa da katanga da salga aƙalla mita biyar. In gidan bai da wannan filin, gwaiba, gwanda ko lemun tsami sun fi dacewa. Nemi mangwaro mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan karansa, wanda ke fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, alhali na ƙwallo kan ɗauki shida ko fiye. Duba tabon auren a jikin karan da idonka, kada ka tsaya ga maganar mai sayarwa. Ranar dashe ka yanke ledar ka cire ta gaba ɗaya, tabon auren ya tsaya sama da ƙasa, kuma duk reshen da ya tsiro a ƙarƙashinsa ka cire shi. Ka kewaye dashen da ƙaya ko ragar waya tun ranar farko saboda awaki.