Tambaya da Amsa: Me Za Mu Nuna a Taron Ƙirar Wuƙa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar koyon sana'a da ke Kaduna, kuma jikan maƙeri ne, ko da yake ban zauna a maƙera na koya ba. Ni da abokan aikina muna shirin haɗa taron kwana biyu a kan ƙirar wuƙa, kuma muna sa ran matasa kamar 30. Shawarwari sun yi mana yawa: wani ya ce a ƙera takobi, wani ya ce a gwada wuƙa mai zane irin ta Dimashƙa da ake gani a intanet, wani kuma ya ce a kawo injuna. Me ya kamata mu nuna, kuma ta ina za mu fara? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Shawarata ita ce ku rage yawan abin da za ku nuna, ku gina taron a kan abu guda da ido ba ya ganinsa a jikin wuƙar da aka gama, wato yadda wuta ke taurara ƙarfe ko ta lalata shi. Bugun ƙarfe har ya yi siffar wuƙa abu ne da yaro mai ƙwazo zai kama cikin 'yan kwanaki, amma wuƙar da za ta riƙe kaifi ba ta dakushe ba, ba ta kuma karye ba, a wajen wuta ake samunta.

Takobi ku ajiye shi zuwa wani karo. Tsawonsa ya fi ƙarfin wutar maƙera ta yau da kullum, sai an haƙa dogon murhu kafin ya yi ja baki ɗaya. Wuƙa mai zane kuwa tana bukatar a liƙe falle-fallen ƙarfe iri biyu a zafin da ya kai digiri 1,200 na ma'aunin Celsius ko fiye, a ninka, a sake liƙewa, sannan a jiƙa a ruwan asid kafin zanen ya fito. Aikin gwani ne na yini guda ko fiye, kuma matasanku kallo kawai za su yi. Ainihin ƙarfen Dimashƙa na da ma, daga Indiya ake kawo curinsa, kuma ba ta hanyar ninkawa ake yin sa ba.

Safiyar farko ku fara da zaɓen ƙarfe. Ku je kasuwar Panteka ku sayo sifirin mota, da tsohon magagari, da rodi, da guntun farin bututun ruwa, ku shimfiɗa su a gaban mahalarta. Sifirin yana ɗauke da sinadarin kabon kamar kashi 0.6 cikin 100, magagari kuma wajen kashi 1, shi ya sa suke taurara, alhali ƙarfen gini na gama-gari kabon ɗinsa kaɗan ne, ba a dogara da shi wajen kaifi. Idan aka kara kowanne a injin wasi, tartsatsin magagari zai riƙa fashewa yana rassa, na rodi kuma ya tafi dogo ba yawan fashewa. Farin bututun kuwa don gargaɗi za ku kawo shi, domin rufin da ke jikinsa yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan ya shiga wuta. Ku kuma nuna musu yadda ake duba tsohon sifirin, saboda yakan ɓoye tsaga.

Abin da nake so ya zama zuciyar taron shi ne gwajin karyawa. A yanko sirara uku daga sifirin guda. Na farko a bar shi a wuta har ya wuce ja ya yi rawaya mai haske, a tsoma a mai. Na biyu a gasa shi ya yi ja, a bar shi ya huce a iska, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a mayar da shi wuta ana taɓa shi da maganaɗisun tsohuwar sifika. Idan zafi ya kai digiri 770 maganaɗisu zai daina kama shi. A ƙara masa wuta kaɗan, a tsoma a man gyaɗa mai ɗumi. Na uku a yi masa kamar na biyu, amma bayan tsomawa a goge shi ya yi fari, a ɗora shi kusa da garwashi ana kallo har ya ɗauki launin busasshen kara, wato wajen digiri 200 zuwa 230. Idan ya kai shuɗi, zafi ya wuce abin da bakin wuƙa ke so. Daga nan a naɗe kowanne da tsumma, a matse, a buga da guduma. Na farko zai tsinke nan take, cikinsa tsaki-tsaki kamar yashi. Na biyu shi ma zai karye, amma cikinsa luƙwi kamar toka. Na uku zai jure bugun da ya karya 'yan'uwansa. A miƙa gutsattsarin hannu-hannu kowa ya duba da idonsa. Na fi son a yi wannan bayan la'asar a cikin rumfa mai inuwa, domin a tsakar rana ƙarfen da ya yi ja sosai yakan yi kamar bai ɗau zafi ba.

Kada ku yi taron nan babu tsofaffin maƙera, kuma kada ku kira su don ado. Ku je da ƙafarku wurin Sarkin Maƙeran yankinku da goro, ku roƙa ya ba ku dattijo ɗaya ko biyu da za su zo da zugazuginsu, da masaba, da awartaki, su kafa uwar maƙera a ƙasa yadda suka saba. Dattijon da ya shekara arba'in yana zuga gawayin ƙirya ya san launin wuta fiye da yadda za a iya rubutawa a allo. Aikinku shi ne ku ɗora masa lissafin digiri, shi kuma ya nuna hannu. Ku tuna wa matasan cewa sana'ar tsohuwa ce a ƙasar nan: mutanen al'adar Nok, wadda ta samo sunanta daga ƙauyen Nok a kudancin jihar Kaduna, sun narka tama a Taruga, wani wuri kusa da Abuja, fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Kwana na biyu na mahalarta ne. Ku raba su biyar-biyar ko shida-shida a kowane murhu, kowa ya ƙera ƙaramar wuƙar yankan albasa, ya sa mata ƙota. Ku gayyaci baduku ya nuna ɗinkin kube, da mahauci ya gwada wuƙaƙen a kan nama ya faɗi ra'ayinsa ba kara, domin shi ne mai saye. Ku keɓe awa guda cur don wasi a kan dutse.

Kowa ya sa tufafin auduga da rufaffen takalmi da tabarau, saboda yadin roba yana narkewa ya manne a fata. Ku guji baƙin man mota wajen tsomawa, hayaƙinsa yana da illa. Kwanon mai ya zama na ƙarfe mai murfi, a ajiye bokitin yashi kusa, kuma a ja kunnen kowa cewa ba a zuba wa wutar mai ruwa. Tunda wuƙaƙe za a ƙera, ku rubuta wa mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankinku tun da wuri, ku ajiye sunayen mahalarta, kowace wuƙa kuma ta fita cikin kubenta. Idan da hali, ku sa taron wata biyu kafin Babbar Sallah, domin waɗanda hannunsu ya faɗa su sami lokacin komawa wurin dattawan su ƙara gogewa kafin kasuwar wuƙar layya ta buɗe.